Lasisi da Lamiri

Matasanmu suna tambaya ko ya halatta mutum ya buɗe shafin intanet inda za a sayi tikiti, a jefa ƙuri'a, mai rabo ya ɗauki mota ko kuɗi.

Ta fuskar doka, a Nuwamba 2024 Kotun Ƙoli ta Nijeriya ta yanke hukunci cewa dokar caca ta tarayya ta 2005 ba ta aiki sai a Abuja. Kowace jiha da nata ikon. Abin da Legas ke ba lasisi, shari'ar Kano ta haramta.

Amma lasisi ba ya wanke lamiri. Katekizim na Ikkilisiyar Katolika, lamba 2413, bai ɗauki wasan sa'a zunubi a kan kansa ba. Yakan zama zunubi in ya raba mutum da abin biyan bukatar iyalinsa, ko in an yi maguɗi. To, mai shafin ba ya ganin fuskar mai saye. Yaya zai san kuɗin makarantar yaro ne aka turo masa da tsakar dare?

Mu ma muna sayar da tikiti a bikin godiyar kaka. Mu kuwa muna ganin gwauruwar da ta kwance bakin zanenta, amma ba kullum muke ce mata, "Mama, riƙe kuɗinki" ba.