Teburin Kafinta da Kukan Jariri

Akwai wata tambaya da ba a cika yin ta a fili ba, amma tana damun maza da yawa masu sana'ar hannu. Idan Allah ya ba mutum haihuwa a daidai lokacin da ya soma wani babban aiki, wanne ya kamata ya sa gaba? Bari mu ɗauki misali guda domin maganar ta fito sarai. Saurayi ya gama koyon kafinta a wurin maigidansa, ya yi aure, yana so ya tsaya da ƙafafunsa. Abin da yake bukata da farko shi ne teburin aiki nasa na kansa. Ya tara kuɗi, ya sayi katako, ya auna, ya soma yanka, sai matarsa ta sauka lafiya. Yanzu katako yana jingine a zaure, jariri kuma yana kuka a ɗaka. Dukansu biyu suna kiransa, ga shi kuwa ba a tauna taura biyu a baki ɗaya.

Kada mu yi saurin raina teburin. Wanda bai taɓa aikin katako ba zai ce tebur ne kawai, amma kafinta ya san cewa duk ƙofa da gado da bencin majami'a da zai yi nan gaba, a kansa za su fito. Idan teburin yana rawa, zarto ba zai bi layi ba. Idan samansa ya karkace, duk katakon da aka daidaita a kai zai ɗauki karkatar. Shi ya sa masana wannan sana'a tun dā suke ba shi muhimmanci. Wani kafinta na birnin Paris mai suna André Roubo, a cikin babban littafinsa na aikin katako wanda ya soma fitowa a 1769, ya zana tebur mai kaurin sama kusan santimita 15, da ƙafafu masu kauri waɗanda aka fafe musu rami suka shige cikin saman. Har yau kafintoci a ƙasashe da yawa suna yin irinsa. Sirrinsa nauyi ne da ƙarfin haɗi, domin kada ya motsa sa'ad da ake sara ko kankara a kansa. Irin wannan aiki yana cin kwanaki, yana kuma son natsuwa. Ga talaka kuwa, teburin nan shi ne gonarsa, daga gare shi tuwon gidan zai fito.

Jariri kuma fa? A makonnin farko yakan sha nono sau 8 zuwa 12 a cikin awa 24. Yakan yi barcin awa 14 zuwa 17, amma a gutsuttsure, awa biyu ko uku ya farka, bai san dare ba, bai san rana ba. Mahaifiyarsa tana bukatar kamar mako shida kafin jikinta ya komo daidai, wanda ya yi kusa da kwana arba'in na jego da iyayenmu suka sani. Waɗannan kwanaki kuma su ne mafi haɗari a rayuwar ɗan Adam. Bisa ƙididdigar Majalisar Ɗinkin Duniya, jarirai wajen miliyan 2.3 suka mutu a duniya a shekarar 2022 tun ba su cika kwana 28 ba, yawancinsu a cikin makon farko. Alamun ciwo a jariri ba su da hayaniya: ya ƙi kama nono, jikinsa ya yi zafi ko ya yi sanyi ƙalau, numfashinsa ya yi sauri, tafin hannu da na ƙafa su yi rawaya. Wanda ba ya kusa ba zai gani ba. A gidajenmu da yawa kuwa, maigida ne yake riƙe da kuɗi, shi ne kuma yake cewa a tafi asibiti ko a dakata.

Amsa ta fari da aka saba ji ita ce, jego aikin mata ne. Ga kaka, ga gwaggo, ga matan zumunta suna shige da fice. A wasu wurare ma, idan haihuwar fari ce, mace takan tafi gidan iyayenta ta yi wanka a can. Namiji ya sayi itacen dafa ruwa, ya kawo nama, ya shirya suna, ya koma bakin aikinsa. Mai wannan ra'ayi yana da hujja, gama manzo Bulus a 1 Timoti 5:8 ya tsawata ƙwarai wa wanda ba ya kula da bukatar mutanen gidansa, a 2 Tasalonikawa 3:10 kuma ya haɗa ci da yin aiki. Gaskiya ne, yunwa ba ta san an yi haihuwa ba. Amma akwai abu biyu da wannan amsa ta manta. Na ɗaya, zamani ya sāke. Ma'aurata da yawa yanzu suna zaune a ɗakin haya a Maraɗi ko Damagaram ko Yamai, kaka tana ƙauye, ta zo mako guda ta koma saboda gona. Na biyu, kula da iyali ya fi kawo cefane faɗi. Mutum yana iya cika rumbu, duk da haka ya bar matarsa ita kaɗai da kukan tsakar dare. Akwai kuma wanda zaure yakan zama masa mafaka. Yana cewa aiki ya riƙe shi, alhali kuwa gudun kuka yake yi. Katako ba ya gardama, ba ya amai, idan ka yanka shi daidai sai ya zauna daidai. Jariri kuwa za ka yi masa duk abin da ka sani ya ci gaba da tsala ihu. Ba abin mamaki ba ne zuciya ta fi son wurin da take ganin nasara. Sai dai ya kamata mutum ya kira abin da sunansa.

Amsa ta biyu ita ce a ajiye kayan aiki gaba ɗaya har yaro ya yi wayo. Wannan tana da kamar ibada, amma ita ma ba ta tsaya da kyau ba. Gidan da ba a aiki bashi zai ci shi. Banda haka, mutumin da aka raba da sana'arsa dungum yakan soma gunaguni a zuci, gunagunin kuma a kan mai jego da jaririn yake sauka. Aikin hannu baiwa ce. Littafin Fitowa sura 31 ya ba da labarin Bezalel, wanda Allah ya cika da hikimar sassaƙa da ƙira saboda aikin alfarwa. Babu zunubi ga mutum ya ji daɗin ƙamshin sabon katako, ko ya yi marmarin ganin teburinsa tsaye.

To, da me za mu auna? A ganina, sai mu tambaya: cikin biyun nan, wanne yake iya jira ba tare da hasara ba? Katako yana iya jira, jiran ma amfani yake yi masa. Icce yakan sha damshi ya kumbura, ya bushe ya tsuke, kuma a faɗinsa yake wannan motsi, tsawonsa kusan ba ya sākewa. Kafintocin Turai suna da ƙa'idar cewa katako mai kaurin santimita biyu da rabi yana bukatar kamar shekara guda yana shan iska kafin ya bushe. A ƙasarmu ta zafi da iskar hunturu ya fi haka saurin bushewa, sai dai saurin yakan sa bakinsa ya tsage. Yawancin katakon da muke saye kuma daga ƙasashen kudu masu damshi ake kawo shi. Wanda ya haɗa tebur da shi a makon da ya sauka daga mota, bayan ƴan watanni zai ga haɗin ya yi sako-sako, saman ya banƙare. Wanda ya jera shi a inuwa, ya sa ƴan sanduna tsakanin kowane katako da ɗan'uwansa domin iska ta ratsa, ya shafa fenti a bakunan, ya bar shi ya saba da iskar garin, shi ne zai sami tebur mai ƙarko. Ashe kwana arba'in da katako zai yi a jingine ba ɓata lokaci ba ne. Amma makon farko na jariri sau ɗaya yake zuwa. Idan zazzaɓi ya kama shi da daddare ba ya jiran a gama ƙafa ta huɗu. Mai jego da aka bari ita kaɗai kuma, ko ta yafe, ba ta cika mantawa ba.

Akwai wani gefen maganar da ya shafi adalci. Sa'ad da maigida ya ce zai ɗan shiga zaure na awa biyu, daga ina awa biyun nan suka fito? Jaririn bai daina bukata ba. Wani ne ya ɗauki nauyin, sau da yawa kuwa macen da ba ta yi barcin kirki ba tun ranar da ta haihu. Watau lokacin da kafinta yake kashewa a kan teburinsa, daga barcin matarsa aka yanko shi. Abin da yake na wani kuwa roƙonsa ake yi, a kuma rama. Idan ta ba ka awa biyu da hantsi, kai ma ka karɓi yaron awa biyu da yamma ta kwanta. Wannan bai rage maka girma ba. Afisawa sura 5 ta sa ma'aunin ƙaunar miji ga matarsa a kan yadda Almasihu ya ba da kansa saboda ikkilisiya, mai irin wannan kira kuwa bai kamata ya ji nauyin wanke tsumma ba. Ko a cikin Dokar Musa, Maimaitawar Shari'a 24:5 ta ɗauke wa sabon ango fita yaƙi da aikin hukuma har shekara guda domin ya zauna da matarsa. Idan yaƙin al'umma ya iya jira saboda gida, tebur ma zai iya.

Muna da misali a cikin kafintan da muka fi sani. Linjila ba ta rubuta mana ko kalma ɗaya daga bakin Yusufu mijin Maryamu ba, ayyukansa kaɗai muke gani. Talaka ne, gama Luka 2:24 ya nuna tsuntsaye biyu suka miƙa a Haikali, hadayar da Littafin Firistoci sura 12 ya yarje wa wanda ba shi da halin ɗan rago. Duk da haka, da aka gargaɗe shi cewa Hirudus yana neman ran yaron, Matiyu ya ce da daren nan ya tashi ya kwashi yaron da uwarsa zuwa Masar. Duk aikin da yake hannunsa a lokacin, a nan ya bar shi. Sana'ar kuwa ba ta mutu ba. Bayan shekaru, mutanen Nazarat sun san Yesu da ɗan masassaƙi, a Markus 6:3 ma shi kansa suka kira masassaƙi. Yustinu Mai Shahada, wanda ya rayu a ƙarni na 2, ya rubuta cewa garmuna da karkiyoyin shanu Yesu yake yi. Mutumin da ya yarda aka katse masa aiki saboda jariri, shi ne daga baya ya sami wanda ya gāji aikin.

Yaya za a yi ke nan a aikace? Aikin tebur yana rabuwa kashi biyu. Akwai wanda ake iya ajiyewa kowane lokaci: awo, zana layi, wasa kayan aiki, fafe rami guda, gyara harshen da zai shiga ramin. Minti 20 sun isa a yi ɗaya daga cikinsu, idan an ji kuka a ajiye guduma a tafi, babu abin da zai lalace. Akwai kuma wanda in an soma sai an gama, wato haɗawa da gam. Farin gam na katako yakan soma kamawa cikin kamar minti 10, sai an matse haɗin kafin nan, a kuma bar shi kwana guda ya yi ƙarfi. Irin wannan aiki sai a shirya masa rana, a gaya wa mai jego tun da wuri, a sami wadda za ta zauna da ita. Wanda ya yi haɗin harshe da rami ya buga fegin icce, kamar yadda kafintocin dā suke yi, ya ma rage wa kansa wannan gaggawa. A kuma nisanta jariri daga wurin aikin. Hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa ƙurar katako cikin abubuwan da suke kawo ciwon daji tun 1995, huhun jariri kuwa bai yi ƙwari ba. Ƙarar injin yanka tana cutar kunne, warin fenti kuma ba na ɗakin jego ba ne. Kafin ka ɗauki yaro, ka kakkaɓe jikinka, ka sāke riga, ka wanke hannu da sabulu.

Da wannan tafiya, teburin da za a gama cikin mako biyu zai iya cin wata uku ko huɗu. Abokai za su yi tsiya, su ce tun da aka haihu zarto ya yi tsatsa. Bar su. Sannu ba ta hana zuwa. Tebur mai kyau yakan wuce shekara 50 yana aiki, ba kuwa wanda zai tambaya ko a watan Maris aka gama shi ko a watan Yuni. Abin da mutanen gidan za su riƙa tunawa shi ne ko maigida yana nan a kwanakin da aka fi bukatarsa.

Saboda haka, ɗan'uwa mai sana'a, kada ka yar da aikinka, kada kuma ka ɓuya a bayansa. Ka tuna saboda wa kake gina teburin tun farko. Ku kuma dattawan ikkilisiya da matan zumunta, sa'ad da kuka je barka, ku tambayi mai jego ko tana samun barci, ku tambayi maigida ko ya iya riƙe yaron. Wanda bai iya ba a koya masa, kamar yadda aka koya masa riƙon zarto. Allah ya raya mana ƴaƴanmu, ya kuma sa albarka a aikin hannuwanmu.