Katin Banki Amana Ne: Nasiha Ga 'Yar'uwa Matafiya

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya hore mana dukiya, Ya kuma sanya ta amana a hannunmu. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ke 'yar'uwa, abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani abu da ya sami wata ɗalibata a ajin matan aure. Ta tafi biki wani gari, ta tsaya a na'urar ATM kusa da tasha, sai na'urar ta ƙi ba ta kuɗi. Wani saurayi mai kyan shiga ya matso, ya ce, "Hajiya, kawo in taimaka miki." Ya karɓi katin, ya sa ta danna lambar sirrinta yana kallo, ya ce babu sabis, ya miƙo mata kati. Sai da dare alat ya fara shigowa. Ta duba, ashe katin wani ya ba ta, mai launi irin nata. Abin da ya fi ci mata rai, kuɗin ba nata ba ne, kuɗin adashen mata goma ne.

Da ta ba mu labari, wata a cikin aji ta ce, "Ai ƙaddara ce." Gaskiya ne, babu abin da ke faruwa sai da izinin Allah. To amma imani da ƙaddara bai sauke mana nauyin kiyayewa ba. Malamai sun lissafa kare dukiya cikin manyan abubuwa biyar da shari'a ta zo domin ta tsare, tare da addini da rai da hankali da zuriya. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Mugira ɗan Shu'uba (RA) cewa tozarta dukiya na cikin abubuwan da Allah Ya ƙi mana. Tirmizi kuma ya ruwaito labarin mutumin da ya tambayi Manzon Allah (SAW) ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, sai aka umarce shi da ya ɗaure ta, sannan ya dogara. Raƙumarki a yau ita ce wannan ɗan katin da ke cikin jakarki.

Ki san yadda ɓarayin suke aiki. Baƙin layin da ke bayan kati yana ɗauke da bayanan asusunki. Sukan maƙala wata siririyar na'ura a bakin ramin da ake zura kati, ta kwafe bayanan, su kuma ɓoye 'yar ƙaramar kyamara ko su ɗora madannai na bogi don su ɗauki lambar sirri. Da waɗannan biyun sai su haɗa wani katin. Ɗan ƙarfen nan mai ruwan gwal da ke gaban kati ya fi wuyar kwafa, shi ya sa suka fi karkata ga musanya kati, ko su sa abin da zai riƙe shi a cikin na'ura har ki gaji ki tafi. Wasu kuma hoton katin kawai suke ɗauka gaba da baya, domin da doguwar lambar gaba, da ranar ƙarewarsa, da lambobi 3 na baya, ana iya sayayya a intanet.

Saboda haka, in za ki cire kuɗi, ki zaɓi na'urar da ke harabar banki, da rana. Ki ɗan jijjiga bakin ramin, in yana motsi ki bar wurin. Ki rufe madannai da ɗaya hannunki ko da gefen hijabinki. A wurin mai POS, kada katin ya ɓace wa idonki, ki karanta adadin kuɗin kafin ki danna lamba, in an dawo miki da shi ki duba sunanki. Kunya ado ce ga mace, amma fa kunyar da za ta hana ki cewa baƙo "na gode, bar shi" ba ita addini ya yaba ba. In kina buƙatar taimako, ki shiga ciki ki nemi ma'aikacin banki.

Ki dubi Suratul Kahfi, aya ta 19. Da samarin kogo suka aiki ɗayansu birni da azurfarsu ya sayo abinci, sun yi masa wasiyya da ya bi a hankali, kada ya bari a farga da su. Annabi Yaƙub (AS) ma, a Suratu Yusuf aya ta 67, ya umarci 'ya'yansa su shiga gari ta ƙofofi daban-daban, alhali yana shaida musu cewa hukunci na Allah ne. Ke ma kada ki tara guzurinki a ƙofa ɗaya. Ki bar kuɗi kaɗan a asusun da ke haɗe da katin tafiya, ki raba kati da tsabar kuɗi, kuma kada ki rubuta lambar sirri a takarda ki haɗa su a lalita guda.

Idan Hajji ko Umara za ki, ki je banki tun kafin tafiya. Ki tambaya ko katinki zai yi aiki a Saudiyya, ki sa a riƙa turo miki alat ta imel, tunda layin wayarki na iya daina karɓar saƙo a can. Ki rubuta lambar da ake dannawa a toshe kati, ki ba maigida kwafi. A cunkoson Makka da Madina, jakar kati ta kasance a ƙarƙashin hijabi.

Duk wanda ya bugo waya ya ce daga banki yake, za a rufe asusunki sai kin faɗi lambar sirri ko lambar da aka turo miki ta tes, ki kashe wayar. Banki ba ya tambayar waɗannan. Lambar BVN ɗinki ma, wadda Babban Bankin Nijeriya ya ɓullo da ita a 2014, ba ta kowa da kowa ba ce.

In kuma abin ya auku, ki yi istirja'i, ki toshe katin nan take, ki kai ƙorafi banki a rubuce. Kada tsoron faɗan maigida ya sa ki yi shiru har gari ya waye, domin kafin nan an kwashe sauran. Ɗalibata tana nan tana biyan matan adashe kaɗan-kaɗan, ita ce ma ta ce in rubuta don wata ta tsira.

Allah Ya tsare mana imaninmu da dukiyarmu, Ya kai mu lafiya, Ya dawo da mu lafiya. Wassalamu alaikum.