Ta'aziyya ga Yayata, Bayan Watsewar Makoki

Yaya,

Allah ya jiƙan yaronki, ya gafarta masa, ya sa ya huta. Na yi miki gaisuwa a zaman makoki tare da jama'a, amma akwai maganar da ba ta faɗuwa a tsakar gida cike da mata. Ranar sadakar uku ina bakin ƙofar ɗakinki na ji kin ce wa Goggo, murya ƙasa-ƙasa, "Ni na ba shi." Tun ranar maganar take cina.

Na san inda kika samo ta. Likitan da ya karanta mana sakamakon gwajin ya ce ciwon ta wajen uwa ake gadonsa, kuma gaskiya ya faɗa. Sai dai kin riƙe rabin bayanin, kin bar rabi a ofishinsa.

A cikin kusan kowace ƙwayar halitta ta jikin mutum akwai wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa, likitoci na ce musu mitokondiriya. Ni murhu nake ce musu, domin a nan ake ƙona abinci da iskar numfashi a fitar da ƙarfin da tsoka da ƙwaƙwalwa da jijiya ke aiki da shi. Suna da rubutun gadonsu na kansu, haruffa 16,569, kuma duk ɗan Adam daga ƙwan mahaifiyarsa yake karɓar nasa. A jikin yaronki harafi ɗaya ne ya sauya, na 3,243. Harafi ɗaya, Yaya, a wurin da idonki bai taɓa gani ba, hannunki bai taɓa kaiwa ba. Ke ma karɓa kika yi. Ki tuna Inna, Allah ya jiƙanta, da ciwon sukarinta da kunnen da ya yi nauyi tun ba ta tsufa ba. Wannan sauyin yakan zo da waɗannan biyun. Ni da ke ciki ɗaya muka fito, nawa murhun ma daga wurinta yake. Shin kin taɓa jin haushin Inna? To, me ya sa za ki ɗora wa kanki abin da ba ki ɗora mata ba?

Kuma ƙwai ba ya ɗaukar kaso daidai. Wani ɗan yakan tashi da lalatattun murhu kaɗan ya rayu lafiya, ɗan'uwansa ya kwashi masu yawa. Babu uwar da ke zaɓa. Ilimin kansa ɗan jiya ne: sai a 1984 aka raɗa wa ciwon suna MELAS, sai a 1990 masu bincike a Japan suka gano harafin da ya sauya. Har yau babu maganin da ke warkar da shi ko a Ingila ko a Amurka, sai dai a lallaɓa, a rage raɗaɗi. Ba kuɗi kika rasa ba, ba jirgi kika makara ba.

Abin da na fi so mu yi magana a kai shi ne shekaru goma sha biyun da ya yi yana jin zafi, domin a nan ne muka gaza, ke kuwa ba ki gaza ba. Ciwon ɓarin kai da ke kwantar da shi kwana biyu a ɗaki mai duhu, yana amai. Cinyoyin da ke masa tsami daga tafiyar masallaci kawai, kamar wanda ya wuni yana huɗa. Tafin ƙafar da yake cewa kamar ya taka garwashi, alhali in ka taɓa sanyi ƙalau. Duk wannan yana da dalili. Tsokar da murhunta ya gaza takan tara tsamin da ake kira laktik, jijiyar da ba ta samun ƙarfi takan lalace ta riƙa kai saƙon zafi ba tare da rauni ba. Amma ciwo ne marar kumburi, marar jini, shi ya sa aka ce raki ne, aka ce son jiki ne, wasu suka ce iska, wasu suka ce sammu. Ni da bakina na taɓa ce masa ya tashi ya zama namiji, yana ɗan shekara goma sha uku. Na roƙe shi gafara bayan sakamakon ya fito, ya ce ya manta. Ni ban manta ba.

Ke kaɗai kika gaskata shi tun farko, kafin wata takarda ta ba shi gaskiya. Ɗan farinki ne, ko sunansa ba ki taɓa kamawa ba, a gaban mutane sai ki kawar da kai kamar ba ki damu ba. Amma na sha kwana a gidanku, na san wadda ke tashi ƙarfe biyun dare ta ɗumama ruwa, ta zauna tana matsa masa ƙafa har kiran assalatu. Mai doguwar jinya, bayan zafin jiki, yana ɗauke da wani nauyi na ganin ba a yarda da shi ba. Wannan nauyin kin sauke masa.

Malamai sun sha gaya mana cewa wahalar da ta sami mumini kankarar zunubi ce. Muna kyautata masa zato, muna roƙon Allah ya sa kowane daren da bai runtsa ba ya same shi a mizani. Idan kuma wani lokaci kin ji sanyi a ranki cewa ya daina jin zafi, kada ki tsorata da kanki. Ba son rabuwa da shi ba ne. Ki yi kukanki, kada ki biye wa masu cewa ya isa.

Zan shigo ranar Juma'a bayan masallaci, in Allah ya yarda. Ina so mu kai ƙannensa a auna musu sukari, a duba kunne da zuciya, ni da ke ma mu bi layi. Ki bar mini carbinsa na itace in babu wanda ya riga ni.

Allah ya ba ki haƙuri, ya haskaka kabarinsa.

Ƙaninki.