Nawar Manhaja da Amanar Ilimi

Jingina magana ga mai ita amana ce da malaman hadisi suka gina ilimin isnadi a kanta, wato jerin mutanen da magana ta biyo ta bakinsu. A yau ɗalibin da ya taso daga Kasuwan Magani, a ƙaramar hukumar Kajuru, yake rubuta kundinsa a harabar Jami'ar Jihar Kaduna da ke Kafancan, yakan damƙa wannan aiki ga manhaja irin Zotero, mai adana sunayen littattafai da marubutansu. Bayan sabuntawa, kamar zubi na 7 da ya fito a 2024, manhajar kan yi nawa, wani lokaci domin ƙananan manhajojin da aka liƙa mata sun tsufa, ko domin tana sake tsara dukkan madogara duk sa'ad da aka ƙara guda; kashe ƙananan manhajojin da dakatar da sake tsara madogaran kan warware matsalar.

Shin nawar na'ura, ga caji yana ƙarewa, uzuri ne na barin magana ba mai ita? Uzurin ya tsaya ga jinkiri kawai, domin wajibcin yana wuyan marubuci, kuma biro da takarda sun isa su sauke shi.