Wace Rana Ka Bi Ta Can?

A kudancin ƙasar Jodan, inda duwatsun Dana suke gangarowa zuwa Kwarin Araba, an yi wani dattijo, Balarabe makiyayi, da ya yi suna wajen sanin hanya. Tun yana yaro yake bin awaki a kwaruruwan Finan, wurin da mutane suka shekara dubbai suna haƙar tagulla, har yau kashin maƙeransu yana nan tuli-tuli, baƙi ƙirin. Da aka shata doguwar hanyar ƙafa da ta ratsa ƙasar, daga Ummu Ƙais a arewa har Aƙaba a bakin Bahar Maliya, fiye da kilomita 650, tafiyar wajen kwana 40, sai baƙi suka yi ta zuwa daga ƙasashe daban-daban. Yankin da ya fi jan hankalinsu shi ne daga ƙauyen Dana zuwa tsohon birnin Petra, tafiyar kwana huɗu ko biyar cikin duwatsu, ba kasuwa, ba famfo, waya ma sai an hau tudu take kamawa. Dattijo ya rage garkensa, ya koma yi wa baƙi jagora.

Yana da ɗan ƙanwarsa, saurayi ɗan shekara 19, da yake koya wa sana'ar. Yaron yana da ƙafa, yana da fara'a, ya iya Turanci, baƙi suna sonsa. Abu guda ne ya rage masa: ba ya iya buɗe baki ya ce bai sani ba.

A wani watan Nuwamba baƙi shida suka sauko daga Dana. Suka yini suna gangara, daga tudun da ya haura mita 1,000 zuwa zafin Finan, suka yada zango gab da magariba. Wani daga cikinsu ya hango yashi mai laushi a tsakiyar kwari, ya ɗauki shimfiɗarsa ya nufi can. Dattijo ya ce ya dawo kan tudu.

Baƙon ya ɗaga kai ya dubi sama, ya ce, "Ai ko ɗigon girgije babu."

Dattijo ya zuba masa shayi, ya ce, "Ruwan da ke kashe mutum a nan ba a kansa yake sauka ba. Can kan tudun Shobak yake sauka, inda ba ka gani. Dutse ba ya shan ruwa, sai ya tattaro shi duka ya turo cikin kwari guda. Kai kana kwance kana kallon taurari, shi yana tafe da itace da duwatsu." Ya tuna musu watan Oktoba na 2018, lokacin da ambaliya ta auka wa masu yawon buɗe ido a kwarin Zarƙa Ma'in kusa da Tekun Gishiri, mutum 21 suka rasu, yawancinsu 'yan makaranta. Mako biyu bayan haka aka kwashe dubban baƙi daga Petra a guje. Ya kuma tuna musu 1963, da ruwa ya rutsa da ayari a ƙunƙuntar mashigar birnin ya halaka fiye da mutum 20, akasarinsu 'yan Faransa. Ya ce Nabatawan da suka sassaƙa birnin sun san halin wurin, shi ya sa suka gina madatsa a bakin mashigar suka huda dutse don karkatar da ruwa, kuma sai bayan wannan rashi aka sake tayar da madatsar.

Baƙon ya kwashe shimfiɗarsa ba musu.

Abin da ke damun dattijo shi ne, kwana huɗu kafin nan an tafka ruwa a kan tudu. Saboda haka ya yanke shawara baƙi su huta yini guda a Finan, su zagaya tsofaffin ramukan tagulla. Da asuba ya tashi yaron, ya ce, "Ɗana, abu biyu nake so ka dubo mini. Na farko, matsatsin nan da ake hawa kafin zango na gaba, ka ga ko jaki zai wuce da kaya. Na biyu, jarkokin ruwa da na ce mai a-kori-kura ya ajiye mana a gindin itacen ƙayar nan, ka ga ko sun iso. Ka ɗaga su ka ji nauyinsu."

"To, Kawu."

Yaro ya kama hanya. Da hantsi ya yi, rana ta fara cizo, sai ya ci karo da wani abokinsa makiyayi a inuwar dutse, buta tana kan wuta. Suka gaisa, suka sha shayi, suka ci gurasar da aka gasa cikin toka. Da ya faɗi inda za shi, abokin ya ce, "Haba, kada ka wahalar da kanka. Ai ni na bi ta can. Hanya lafiya lau, jarkokin ma na gan su jere a gindin itacen."

Yaro ya yi lissafi. Saura tafiyar awa uku, ga dawowa, ga rana. Abokin nan kuwa bai taɓa yi masa ƙarya ba. Ya miƙe a inuwa, barci ya kwashe shi, da la'asar ya juya gida.

Dattijo ya tare shi. "Ka isa?"

"Na isa, Kawu. Hanya lau, ruwa yana nan."

"Da idonka?"

Yaro ya ɗan yi jim, sannan ya ce, "Da idona."

A kan wannan magana dattijo ya ɗora shirinsa. Da ya yi niyyar ɗora wa jaki jarka biyu masu lita 20. Tun da ruwa yana jiransu a gaba, sai ya sauke ɗaya, ya ɗora jakar wani baƙo mai shekara 60 da wani abu da gwiwa ke damunsa.

Washegari suka tashi da duku-duku. Ba su yi nisa ba dattijo ya fara rage magana. Yana tafe yana duban itatuwan bakin kwari. Ciyayi da busasshen laka sun maƙale a rassan da suka fi tsawon mutum, duk sun karkata gefe guda. Manyan duwatsun da ya saba gani a wani lungu sun koma wani. Ya waiga ya dubi yaron, yaron ya kau da kai.

Da azahar suka iso matsatsin. Ruwa ya zaftare gefen da ake takawa, abin da ya rage bai fi tafin ƙafa biyu ba. Jaki ya kafe, ya ƙi gaba. Dole aka sauke kaya, aka riƙa miƙa su hannu da hannu, aka zagaya da jakin ta wani hawa mai tsakuwa. Awa biyu suka tafi a nan cikin tsakiyar rana, kowa yana ɗaga gora yana sha ba tare da tunani ba, tun da an ce ruwa yana gaba.

La'asar sakaliya suka hango itacen ƙayar. Jarkoki biyu ne a gindinsa, murfi a buɗe, iska ta kayar da ɗaya. Yaro ya riga kowa isa, ya ɗaga, ya ji ba komai. Na wani ayari ne da ya riga ya wuce. Daga inda suke ana hango hanyar mota da ke saukowa daga tudu, ambaliya ta yanke ta gida biyu, ta bar rami da ko raƙumi ba zai tsallake ba. Mai a-kori-kura bai sami hanya ba, kuma babu yadda zai sanar da su.

Aka haɗa ruwan da ya rage, bai cika lita biyar ba, ga mutum takwas ga jaki. Baƙon nan mai ciwon gwiwa ya zauna ya dafe kai, leɓɓansa sun bushe, ya ce jiri yake ji.

Yaro ya ja kawunsa gefe, murya tana rawa. "Kawu, ban iso nan ba. Abokina ne ya gaya mini."

Dattijo bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Wace rana ya bi ta nan?"

Yaro ya yi shiru. Bai tambaya ba. Daga baya aka gano kwana tara ke nan, tun kafin a yi ruwan.

"Abokinka bai yi maka ƙarya ba," in ji dattijo. "Abin da ya gani ya faɗa, sai dai labarinsa ya tsufa. Da ka dawo ka ce mini an ce, da ban sauke jarkar nan ba. Da ka ce mini ka gaji ba ka isa ba, da na tafi da kaina. Ka ce ka gani, ni kuwa na ɗora ran mutum takwas a kan maganarka. Je ka gaya wa baƙi da bakinka, suna da hakkin su sani."

Wannan ya fi masa duka ciwo, amma ya je. Ya tsaya a gabansu ya faɗi komai, bai rage ba, bai jingina laifin ga kowa ba. Wata mata a cikinsu ta fara faɗa, wani ya kwantar da ita. Dattijo ya raba ruwan da murfin buta, ya ba marar lafiya kaso biyu, ya jiƙa gefen rawaninsa ya ɗora masa a wuya, ya ce kowa ya zauna a inuwa, ba mai motsi sai rana ta faɗi.

Sannan ya kira yaron. "Saurara da kyau. Idan ka bi kwarin nan na hagu, tafiyar awa biyu, akwai lanƙwasa inda dutse ya yi baƙi, ga iwa ta tsiro a gindinsa. A nan na sha tonon ruwa. Amma rabona da wurin tun bazara, ban san yadda yake yau ba. In ka tarar babu, kada ka wuce, ka dawo ka ce mini babu. In ka ji ƙugi daga sama, saki jakin ka hau dutse."

Yaro ya ja jaki da jarkoki biyu, ya shiga dare da tocila. Ya sami lanƙwasar, ya sami iwar. Ya durƙusa ya fara tono da hannu da gwangwani. Yashin sama busasshe, na ƙasa da shi mai sanyi, da ramin ya kai gwiwar hannu sai ya ji laima. Ya ci gaba har kafaɗa, ya zauna yana jira. Ruwa ya riƙa tsattsafowa a hankali, ja-ja, sai ya taru ya kai rabin gwangwani ya ɗebe, ya tace da rawani, ya sake jira. Yatsunsa suka fashe, sanyin dare ya shige shi, bai tashi ba sai da ya cika jarka ɗaya da rabin ta biyu. Kafin kiran asuba ya iso zango. Aka tafasa ruwan, aka sha, aka ba jaki. Da gari ya waye baƙon ya iya miƙewa.

Kwana biyu bayan haka suka shiga Petra ta bayan gari, ta hawan da ke kaiwa ga babban ginin nan na Dair, kowa da ƙafarsa. Dattijo bai sake tayar da maganar ba, bai kuma kori yaron ba.

A hanyarsu ta komawa suka haɗu da wasu samari biyu, ba jagora, sai taswira a waya. Suka tambayi yadda hanya take. Dattijo ya yi shiru, ya bar wa yaron.

Yaro ya ce, "Matsatsin da ke gabanku ya zaftare, ranar Talata na bi shi da ƙafata. Mutum zai wuce in ya yi hankali, dabba da kaya ba za ta wuce ba. Gindin itacen ƙaya babu ruwa, hanyar mota ta yanke, ita ma ranar Talata na gani. An ce ana gyaranta, amma ji na yi, ban gani ba. Kwarin da ke hagu na tona na sami ruwa daren Laraba, sai dai yau kwana huɗu ke nan, kada ku dogara da shi. Abin da ke gaba da nan ta wajen gabas ban sani ba. Ku ɗauki ruwan kwana biyu, in kun ga hadari a kan tudu ku fita daga kwari."

Samarin suka rubuta, suka koma ƙauye suka ƙaro ruwa.

Darasin da ke cikin wannan labari ya wuce hamada. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata, amma hakan yana tabbata ne idan wanda aka tambaya ya riƙe amana. Taswira tana nuna inda hanya ta bi, ba ta nuna abin da ya same ta jiya da dare. Wannan sai daga bakin wanda ya fito can, shi ya sa maganarsa take da nauyi: wani zai rage guzuri ko ya ƙara, ya tashi ko ya fasa, saboda abin da ya ji daga gare shi.

Mafi yawan labaran da ke jefa mutane cikin wahala ba maƙaryata ne suka ƙirƙire su ba. Gaskiya ce da ta kwana, ta bi baki biyu ko uku, ranarta ta faɗi a hanya, har ta iso ga mai bukata kamar yanzu aka gani. A yau da saƙo ke ratsa wayoyi ɗari kafin a sauke buta, wannan haɗari ya ƙaru, ko labarin hanya ne, ko na farashi, ko na magani, ko na halin wani mutum. Saboda haka duk wanda aka tambaya, ya rarrabe abu uku: abin da ya gani da idonsa da ranar da ya gan shi, abin da ya ji da wanda ya gaya masa, da abin da bai sani ba. Na ukun ya fi wuyar faɗa, domin yana taɓa girman kai, amma shi ne yake sa mai tafiya ya ɗauki jarka ta biyu. Mai tambaya kuma kada ya tsaya a kan "lafiya lau". Ya ƙara da cewa, "Kai ka bi ta, ko gaya maka aka yi? Wace rana?" Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan tambaya, kuma amsarta tana iya ceton rai.