Gigin Tsufa: Ko Wajibi Ne Mu Nemi Sunan Ciwon?

Sau da dama mukan ji an ce, "Baba ya fara gigin tsufa." Da faɗin haka magana ta ƙare. Tsoho ya tambayi abu ɗaya sau biyar kafin azahar, ya kira jikansa da sunan ƙanensa wanda ya daɗe da rasuwa, mu kuwa sai mu ce shekaru ne. Abin da muke so mu duba shi ne, ko wajibi ne a kanmu mu kai shi a bincika, tun da an ce abin ba shi da magani?

Bari mu fara da abin da likitoci suka gano. A 1906 wani likita Bajamushe, Alois Alzaima, ya ba da labarin wata mace da aka kawo asibiti da mantuwa tana da shekara 51. Da ta mutu ya duba ƙwaƙwalwarta, ya ga waɗansu abubuwa sun taru sun daskare a ciki. Ciwon ya ɗauki sunansa, har ya zama yawancin tsofaffi masu mantuwa da shi ake kiran ciwonsu. Amma a 2019 masana daga ƙasashe dabam dabam suka yarda a kan sunan wani ciwo, wato LATE. Yakan kama waɗanda suka haura shekara 80, a ido kuwa kamarsu ɗaya da na Alzaima. Abin da ke taruwa a ƙwaƙwalwa ne ya bambanta, wani furotin da ake kira TDP-43. Sun ce fiye da ɗaya cikin biyar na masu waɗannan shekaru suna da alamarsa. In shi kaɗai ne yakan tafi a hankali. Sabon maganin da Amurka ta amince da shi a 2023 kuwa, abin da ke taruwa a ciwon Alzaima yake sharewa, ba ya taɓa wannan.

Wani zai ce, to ina ruwanmu? Maganin nan ya fi ƙarfin aljihunmu, LATE kuma ba a tabbatar da shi sarai sai an duba ƙwaƙwalwa bayan mutuwa. Don me za mu jijjiga tsoho a mota saboda suna kawai? Ba mu raina wannan magana ba. Akwai tsohon da tafiyar za ta fi cutar da shi, wannan a bar shi ya huta.

Duk da haka muna ganin yin shiru kuskure ne, domin akwai masu kama da gigin tsufa waɗanda ake warkarwa. Ƙarancin bitamin B12 yana kawo mantuwa, gwajin jini yana nuna shi. Haka nan raunin halittar nan ta wuya wadda kan kumbura ta zama maƙoƙo. Baƙin ciki mai nauyi, musamman bayan mutuwar abokin zama, yakan sa mutum ya zama kamar ba ya cikin hankalinsa. Wanda ya ce "tsufa ne" bai bincika ba, ya yanke hukunci ba shaida. Mafi muni kuma, mun san yadda akan ga tsohuwa tana yawo da dare ta ɓace hanyar gida, a ce mayya ce.

Ko da likita ya ce ba warkewa, sanin yadda ciwon ke tafiya yana ba Baba zarafi ya nuna iyakar gonarsa, ya faɗi bashin da ake binsa da bakinsa, tun yana iyawa.

In za a je, wanda ke kwana gida ɗaya da shi ya raka shi, a tafi da dukan magungunan da yake sha, a faɗi lokacin da abin ya fara. In ruɗewar ta sauko cikin kwana biyu ko uku, kada a jira ranar kasuwa. Sau da yawa zazzaɓi ne ko ciwon mafitsara, a kai shi a ranar.