Shin Hali Zanen Dutse Ne? Ɗabi'a Da Jarrabawar Ɗalibi

An ruwaito cewa bayan Turawa sun ci Kontagora a 1901, sun nemi Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse ya bar kamen bayi, sai ya nuna musu cewa ba a raba kyanwa da kamun ɓera. Wannan amsa ita ce hujjar duk mai fakewa da halinsa, har da ɗalibanmu na yau.

Masanan da, tun daga Jalinusu na Yunan har zuwa Ibn Sina, wanda ya kammala littafinsa Al-Ƙanun a 1025, sun kasa ɗabi'ar ɗan Adam gida huɗu: ta jini, da ta safara'u, da ta sauda'u, da ta majina. Likitancin zamani ya yi watsi da wannan bayani, amma har gobe muna ganin siffofin a ɗakin karatu.

Mu ɗauki yajin aikin ASUU na 2022, wanda ya rufe jami'o'in gwamnati wata 8. Musiba ɗaya ce, amma kowa da inda ta fi yi masa ciwo. Mai fara'a da son jama'a ya shagala da hira, littafi ya yi ƙura. Mai zafin rai ya fusata, ya ce karatun ma ya ishe shi. Mai zurfin ciki ya haɗiye damuwa har ta hana shi barci. Mai sanyin jiki kuwa ya ce gobe ma rana ce.

To, wa za mu zarga? Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kafa hujja cewa da hali ba ya sauyawa, da wa'azi da tarbiyya sun zama aikin banza. A ganinmu, ɗabi'a tamkar ƙasar noma ce: ba mu muka zaɓi jigawa ko fadama ba, amma abin da muka shuka namu ne. Zafin ran da ke jawo faɗa shi ne kan haifi shugaban ɗalibai, zurfin ciki kuma kan haifi manazarci.

Sai dai akwai nauyi a wuyanmu malamai, a Kontagora da sauran wurare. Ɗalibin da yunwa ko baƙin ciki mai tsanani ya sa shi shiru, kada mu ce halinsa ne. Wannan taimako yake bukata, wani lokaci ma likita, tun kafin sakamakon jarrabawa ya tona abin da muka kasa gani.